Igiyar Baba Sadisu

Sana'ata shimfiɗa tayil ce, abin da mutanenmu na Birnin Ƙonni suke kira karo. A Sakkwato na koye ta, shekara tara ina durƙushe a ɗakunan mutane, shi ya sa har yau kaina da ƙafa yake lissafi, ba da metir ba. Abin awona fuska biyu gare shi. In mai gida ya ce mini falonsa metir kaza ne, sai in gyaɗa masa kai, yana juya baya in birkice awon in auna da ƙafa. Tayil guda mai tsawon ƙafa ɗaya da faɗin ƙafa ɗaya, shi ake ce wa ƙafa murabba'i, kuma da shi nake kallon duniya. Ko masallaci na shiga, kafin a tayar da salla na san tayil nawa ya ci, Allah dai ya yafe mini.

Ban da wannan, ni mutum ne mai gudun abin da ba ruwana. Rigimar ƙauye kuwa tun ina saurayi na yi mata sallama. In na je gida na gai da kowa, na ci tuwo, na kama hanya. Wanda ya kawo mini ƙarar wani sai in ce masa Allah ya kyauta, in duba agogo.

Cikin bazarar bara, ana tsakiyar cire albasa, yayata Lauratu ta kira ni a waya.

"Isuhu, ka taho gobe. Ka taho da awon ga naka."

"Lahiya dai, Yaya?"

"Lahiya lau. Garkata za a musanya. An auna, an ce daidai na, amma ni idona bai yarda ba."

Na ce mata ina da aikin wani Alhaji a hannu, banɗaki ne an yi rabi. Ta ce, "To." Amma ba ta kashe wayar ba. Wanda bai san Lauratu ba zai ɗauka ta haƙura ne. Ni da muka sha nono ɗaya na san wannan "to" ɗin, don haka da safe na je tasha na shiga motar da ke zuwa garin Tawa.

Mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari a duniya. Ƙauyenmu, Kukar Mato, yana gefen kwarin Badagishiri, inda da rani kowa yake komawa garka, wato lambun da ake bai wa ruwa da hannu. Mijin Lauratu, Mustafa, ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar ta da ƴaƴa huɗu, babbarsu Sakina, da garka guda. Wannan garkar ita ce cinsu, ita ce suturarsu. Tana da ɗan rabonta na gonar Babanmu Mamane a kan tudu, amma geron da take samu a can ba ya kai su wata huɗu. Nawa rabon, da yake yana jikin nata, ita take kula mini da shi. Ita ke tsayawa a kan masu noma, da kaka ta ɗaure dammunana ta sa a mota, ni kuma in ci tuwo a Ƙonni in yi hamdala.

Garkar Mustafa ba irin ta kowa ba ce, zagayayya ce. Da ya gama haƙa rijiyarsa, sai ya kafa turke a bakinta, ya ɗaura igiya, ya ja sanda a ƙasa ya kewayo har ya dawo inda ya fara, ya bi layin ya dasa shinge. Ya ce shi da zai ɗauki ruwa a kafaɗa ba ya son wani gefe ya fi wani nisa. Mutane suka yi ta dariya, suka sa wa garkar suna Faifan Mustafa, sunan kuma ya bi ta har bayan ransa.

Mai son musanyar shi ne Labo, ƙanin marigayin. Filayensa sun kewaye Faifai ta gefe uku. Ya samo famfo mai aiki da hasken rana, yana so ya ɗora a kan rijiyar ya haɗe wurin ya zama garka ɗaya. A madadin haka zai bai wa Lauratu wani fili nasa dogo siriri a bakin hanya, ya ja mata ruwa da tiyo har can. Kowa a garin ya ce Labo ya yi zumunci, tunda ga hanya kusa, motar albasa a bakin shingenta za ta tsaya. An shirya da zarar ta gama kwashe albasar bana, sai a yi musanya.

A Kukar Mato, in za a auna ƙasa, kewaye ta ake yi da igiya. Ba a shiga cikin fili, bakinsa ake bi. Fili biyu in igiya ta kewaye su sau ɗaya, to daidai suke, magana ta ƙare. Igiyar kuma guda ce a garin, gaba takwas, tana hannun Baba Sadisu, wanda ya gaji aikin daga mahaifinsa. In ta tsufa shi yake tufka sabuwa da kaba, ya gwada ta da tsohuwar a gaban liman. Ban taɓa jin wanda ya ce dattijon nan ya karkata hannu don goro ko don dangi ba. Shi ya raba mana gonar Baba shekara ashirin da biyu da suka wuce, ya kewaye tawa da igiya arba'in, ya kewaye ta Lauratu da igiya ashirin, namiji biyu mace ɗaya. Lokacin ina sabon shiga Sakkwato, hankalina yana can, ko addu'ar rufewa ban tsaya an gama ba.

To shi ne ya auna Faifai ya samu igiya biyar, ya auna filin Labo ya samu igiya biyar.

Na iske Lauratu a garkar, ita da wasu mata suna yanke ganyen albasa suna tarawa. Ta rame, amma ba ta taɓa zama mai jiki ba dama. Muka gaisa, ta ba ni ruwa, ba ta bari na huta ba ta kai ni filin Labo. Muka tsaya a bakinsa. Fili ne mai kyau, ƙasarsa baƙa, an share shi tas.

"Ka gani?" in ji ta.

"Na ga hili."

"Ni ma shi nig gani. Na ce musu hwangalin albasata ba su shiga nan. Sunka ce idon mace bai ƙoshi da ƙasa."

Na ciro awo. Ta riƙe mini baki, na ja. Tsawon filin ƙafa casa'in, faɗinsa ƙafa ashirin. Wannan ko almajirin tayil na wata biyu zai gaya maka, casa'in sau ashirin, ƙafa murabba'i dubu ɗaya da ɗari takwas. Na haɗa gefunan huɗu, suka ba ni ƙafa ɗari biyu da ashirin. Igiyar Baba Sadisu ƙafa arba'in da huɗu ce a awona, biyar ɗinta ɗari biyu da ashirin cif. Dattijo bai yi kuskuren ko taƙi ɗaya ba.

Muka dawo Faifai. Na ja awo daga shinge zuwa shinge, ta kan bakin rijiya, na samu ƙafa saba'in. Na sake ta wani gefen, saba'in. Na sake na uku, saba'in ba rabin ƙafa. Na ce a raina Allah ya ji ƙan Mustafa, da tayil ya koya da ya ƙwace mini ciniki.

Lissafin zagayayyen wuri da wuya na same shi. A shekarata ta shida a Sakkwato aka ba mu wani zaure zagayayye, maigidana ya tura ni in auno. Na bi bango na auna, na yi ƙiyasi da ka, aka sayo tayil, muna tsakiyar ɗaki ya ƙare, irinsa kuma babu a kasuwa. Bayan ya gama yi mini wankin babban bargo a gaban lebura, maigidan ya durƙusa ya zana mini a yashi da bakin cokalin gini. Ka auna daga tsakiya zuwa baki. Ka ninka wannan da kansa. Abin da ya fito ka ninka sau uku, sa'an nan ka raba shi bakwai ka ɗauki kashi ɗaya ka ƙara a kai. Tun daga ranar ban sake manta shi ba.

Na tsuguna a gindin rijiya na zana da tsinke. Rabin saba'in, talatin da biyar. Talatin da biyar sau talatin da biyar, dubu ɗaya da ɗari biyu da ashirin da biyar. Sau uku, dubu uku da ɗari shida da saba'in da biyar. Kashi ɗaya cikin bakwai, ɗari da saba'in da biyar. Na haɗa, ya tashi ƙafa murabba'i dubu uku da ɗari takwas da hamsin.

"Mi kas samu?" in ji Lauratu.

"Hilin Labo bai kai rabin garkakki ba, Yaya."

Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi murna ba. Ta ce, "To gobe ka hwaɗa musu," ta koma kan albasarta.

Washegari da hantsi aka taru a inuwar bedi, wato dogon yaro, da ke bakin garkar. Ga maigari, ga liman, ga Baba Sadisu da igiyarsa a naɗe a kafaɗa, ga Labo cikin sabuwar riga, sai ƴan kallo da ba a rasa su a irin wannan wuri. Mata suna gefe suna aikin albasa, kunnuwansu suna wajenmu. An kira taron ne don a shafa fatiha a kan musanya, ba don a saurare ni ba. Maigari ya ba ni dama ne kawai don kada a ce an hana ɗan'uwan mace magana.

Na miƙe na yi bayani tiryan-tiryan, kamar mushen lakwal, wato malamin makaranta. Na faɗi dubu uku da ɗari takwas da hamsin, na faɗi dubu ɗaya da ɗari takwas. Na ɗauka lambobin suna fita kowa zai yi salati. Ko gezau.

Labo ya ce, "Ƙahwa? Ƙahwar wa? Ta mutanen Najeriya? Mu nan da igiya munka gaji awo. Ni don zumunci nib ba uwas Sakina bakin hanya, wurin da kowa ka nema."

Baba Sadisu ya ɗaga masa hannu ya yi shiru, sa'an nan ya dube ni ba tare da fushi ba.

"Ɗan Mamane, igiya biyat nik kewaya garka, igiya biyat nik kewaya hilin Labo. Gaban jama'a anka yi. In kana ganin na rage ko na ƙara, ga igiya, kewaya da kanka."

"Ba ka rage ba, Baba, ba ka ƙara ba. Na auna, daidai na."

"To ina gardama?"

"Bakin na daidai, Baba. Cikin na ba daidai ba."

"Ƙaƙa baki ka zama daidai ciki shi ƙiya?"

Liman, wanda ya san lissafin gado, ya gyara zama ya ce in maimaita masa yadda na yi. Na maimaita. Ya ce ya gane ninkawa, amma wannan ukun daga ina ya fito, bakwai ɗin kuma wa ya kawo shi? Shekara goma sha shida ina aiki da lissafin nan bai taɓa ba ni kunya ba, amma ban taɓa tambayar asalinsa ba. Na ce haka aka koya mini. Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce shi ma Baba Sadisu haka aka koya masa, kuma nasa malamin ya fi nawa tsufa.

Na ji haushi, ba na ɓoyewa. Na ji kuma tsohon halina yana ja na, in ce Allah ya kyauta in nemi mota. Maigari har ya fara tattara hannu za a yi fatiha. Na dubi wajen mata. Lauratu ba ta kallona, albasa take bazawa a ƙasa don ta sha iska, ɗaya kusa da ɗaya, ba ta hawa kan ƴar'uwarta. Haka nake jera tayil.

Na ce, "Baba, ara min igiyar."

Ya miƙo mini. Na ce shi da kansa ya ƙulla bakinta biyu, ya ƙulla. Na shimfiɗa ta a fili na zagaya ta sosai, ta zama ƙaramin faifai, taku biyar daga baki zuwa baki. Na roƙi matan su cika mini cikinta da albasa, shimfiɗa ɗaya, kada wata ta hau wata. Suka tashi da kwanduna. Aikin ya ɗan ɗauki lokaci, ya ci kusan buhu biyu, maza suna ta ba'a, wai ɗan birni ya zo cin kasuwa.

Da ta cika, na ɗage igiyar a hankali ban taɓa ƙullin ba. Na kafa tsinke huɗu a gefe, tsawo ƙafa goma sha takwas, faɗi ƙafa huɗu, siffar filin Labo sak. Na ɗora igiyar a kansu, ta zauna ɗam, ba ragi ba saura.

"Igiyar ta ɗazu ta, Baba?"

"Ita ta."

"An kwance ta?"

"Ba a kwance ba."

Na ce wa matan su kwashe albasar da ke cikin faifan su jera a sabon wurin. Suka fara. Ba'ar ta ragu, mutane suka matso. Kafin a ci rabin albasar wurin ya cika maƙil, har wata tsohuwa tana ƙoƙarin cusa guda a kusurwa tana fitowa. Sauran tana nan zube inda take, ta fi wadda aka kwashe yawa. Gani ya kori ji.

Labo ne ya fara magana. Ya ce wallahi tallahi bai sani ba, shi igiya ya bi kamar kowa. Na yarda da rabin rantsuwarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana dasa albasa ba zai rasa jin wani abu a jikinsa ba in ya tsaya a fili biyun nan. Amma igiya ta ba shi gaskiya, shi kuma bai ga dalilin yi mata gardama ba. Ban ce mugu ne ba.

Baba Sadisu ya ce a mayar da albasar, zai yi da hannunsa. Ya kwance ƙullin, ya auna igiyar da hannuwansa ya samu gaba takwas, ya sake ƙullawa. Ya zagaya ta, aka cika. Ya miƙar da ita, aka kwashe. Dattijo mai shekara kusan tamanin yana durƙushe cikin rana yana jera albasa, ba wanda ya iya ce masa ya bari. Abin da ya fito ɗazu shi ya sake fitowa. Ya daɗe yana kallon ragowar, sa'an nan ya koma inuwa ya zauna, ya bar igiyar a ƙasa.

"Shekara arba'in da ɗaya ina awon ƙasa," in ji shi. Ba da kowa yake ba. "Allah shi gahurta muna."

Kowa a wurin ya shiga lissafi a cikinsa. Babu mutum ɗaya a inuwar nan da igiyar ba ta taɓa kewaya gonarsa ba. Wani mai suna Isma'il ya fara cewa, "To ashe gonata da ta wana…" Maigari ya tare shi da sauri, ya ce abin da aka raba an raba, yau maganar garka aka zo yi. Ya yanke cewa musanya ta tashi, Faifai yana nan hannun Lauratu da ƴaƴanta, in Labo yana son ruwan rijiyar sai su daidaita tsakaninsu. Aka shafa fatiha a gurguje, kowa ya watse ba ya son haɗa ido da maƙwabcinsa. Liman ne ya naɗe igiyar ya kai wa mai ita gida.

Na ji tausayin dattijon, amma gaskiya daɗin da na ji ya fi tausayin yawa. Na zo ƙauye da awo guda na kayar da gari. Na ci tuwon rana ina ba matan gidan labarin zauren Sakkwato, har da ƙarin gishiri. Lauratu tana jin mu, tana ɗura mini albasa a ƙaramin buhu.

Bayan azahar ta rako ni bakin kwalta, inda direban da ya kawo ni ya ce zai tsaya mini in ya juyo daga Tawa. Hanyar ta kan tudu take bi, ta tsakiyar gonar Babanmu. Ba komai a gonar sai kututturan kara da akuyoyin mutane. Layin gamba da Baba Sadisu ya sa aka dasa shekara ashirin da biyu da suka wuce yana nan, ya raba tawa da tata. Muna kaiwa kansa ta tsaya.

"Isuhu, lissahin ga naka, garka ɗai shika ci, ko har gonat tudu?"

Na ce ko'ina yana ci, ƙasa ai ƙasa ce.

"Igiyakka arba'in, tawa ashirin. Haka na?"

"Haka na."

"To ni ka ɗamre dammanka, ni ka ɗamre nawa. Shekarad da ruwa yay yi kyau, naka sittin, nawa sha biyat. Shekarad da bai yi ba, naka ashirin, nawa biyat. Ban taɓa ganin nawa ya kai rabin naka ba, ko kusa." Ta shuri wani kututture da ƙafa. "Da ina cewa ƙasata ta ba ta da ƙarhi. Na zuba mata taki har na gaji. Takin awakina duka nan shika tahiya."

Kafin ta rufe baki kaina ya gama aikin, don ba ya jiran izinina. Gonakin biyu kusan murabba'i ne. Igiya arba'in, kowane gefe goma, ƙafa ɗari huɗu da arba'in. Igiya ashirin, kowane gefe biyar, ƙafa ɗari biyu da ashirin. Gefena ya ninka nata sau biyu a tsawo, ya ninka sau biyu a faɗi. Ba kashi biyu aka ba ni ba, huɗu aka ba ni, aka ba ta ɗaya. Ƙasarta lafiyarta lau.

Kan nan nawa da yake ƙidaya tayil a masallaci, shekara goma sha shida yana ɗauke da wannan lissafi, yana wucewa ta kan gambar nan duk sallah, bai taɓa yin sa ba. Na so in ce mantuwa ce. Amma ɗazun nan na gama yarda da rabin rantsuwar Labo, kuma na san dalilin da ya sa na riƙe ɗaya rabin. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ranar zauren Sakkwato, ta ma fi ta, don wancan karon tayil ne ya ƙare, wannan kuwa geron marayu ne, kuma a cikina yake.

"Yana ci, Yaya," na ce. "Har nan yana ci."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa ƙarfe nawa. Daga bakin kwalta muka jiyo mota tana oda.

"Tahi kar ta bar ka," in ji ta. "Ni ban ce ka ba ni komi ba. So nika yi in san ko takina na bai da kyau."

Na sauke buhun albasar a kan gamba. Na tsuguna na zana a ƙasa, wannan karon a hankali. Na haɗa gonakin biyu na raba uku, na cire abin da ke hannunta, na raba saura da tsawon gefena. Ƙafa saba'in da uku za a yanka mata daga cikin tawa, tun daga wannan baki har wancan. Na ciro awo na miƙa mata bakinsa.

"Riƙe nan. Ki shiga cikin tawa, ki miƙe gabas, sai na ce ki tsaya."

Ta dube ni, ta dubi awon, ta karɓa. Ta tsallaka gambar tana taka kututturan kara, awon yana warwarewa a hannuna. Motar ta sake oda sau biyu, sa'an nan muka ji ta tashi. Lauratu ta yi kamar taku goma ta tsaya ta waiwayo.

"Nan?"

"Ci gaba."

Ta ƙara taku biyar ta sake tsayawa. Awon yana kan ƙafa talatin da takwas.

"Isuhu, ko ka mance ba ka ce in tsaya ba?"

"Ban mance ba, Yaya. Da saura."